Ikko Zuwa Jidda: Tafiyar Awa Nawa Ce?

Duk shekara in watan Zulƙida ya gabato, aka fara kiran maniyyata zuwa sansanin alhazai na Ikeja, tambaya guda ce ke yawo a bakin mutane, a kasuwa da ƙofar masallaci: wai shin daga nan zuwa Jidda tafiyar awa nawa ce? Wani ya ce biyar, wani ya ce shida, wani kuma ya rantse shi takwas ya gani da idonsa. Mu mutanen Agege, da jiragen nan ke wucewa ta kan rufinmu dare da rana har mun daina ɗaga kai, ya kamata a ce mun fi kowa sanin amsar. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu bi tarihin wannan hanya, mu ga yadda aka yi ta taso daga shekaru ta dawo awoyi.

Mu fara da nisan, tun da shi ne ba ya canzawa. Daga filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in aka ja zare a miƙe, kimanin kilomita 4,200 ne, wato wajen mil 2,600 ga waɗanda suka saba da lissafin da. Daga Kano kuwa kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Jirgin zamani in ya gama hawa ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Kowane ɗan kasuwa zai iya wannan rabawa, awa biyar ke nan. Ka ƙara lokacin hawa da na sauka, da ɗan kewayen da masu hasumiya kan sa shi ya yi kafin su ba shi fili, sai ka sami awa biyar da rabi zuwa shida. Iska ma tana da nata, in ta biyo bayan jirgi ta rage masa mintoci, in ta tare shi ta gaba ta ƙara masa, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba. Mai cewa takwas kuma ba ƙarya ya yi ba, agogo ne ya rikita shi. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi Ikeja sha biyun dare zai sauka ya tarar agogon bango na cewa takwas na safe, alhali nasa na hannu na cewa shida. Ranar dawowa sai a mayar masa da awa biyun nan nasa.

To amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne inda zaren nan ya bi. In ka shimfiɗa shi a kan taswira, za ka ga ya ratsa tsakiyar Nijeriya, ya wuce kusa da Yerwa, ya bi ta kan Njamena, wadda iyayenmu suka sani da sunan Lami, ya wuce arewa kaɗan da Abashe, ya shiga Darfur, ya tsallake kogin Nilu arewa da Hartum, sa'an nan ya faɗa Bahar Maliya. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsofaffin alhazai ya san waɗannan sunaye. Hanyar ƙasa ce ta da, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, jirgi kawai ya hau samanta.

Mu yi wa masu ƙafa irin lissafin da muka yi wa jirgi. In ayari na cin kilomita 25 kullum, ba hutu ba ciwo, kilomita 4,200 za su ɗauke shi kwana 168, wato wata biyar da rabi. Abin da jirgi ke ci a awa ɗaya, shi ayari sai ya yi wata guda da 'yan kwanaki. Amma a zahiri ba a cika samun wanda ya je a wata biyar da rabi ba. Mutum zai fito da guzurin da bai kai ya kawo ba, in damina ta riske shi a Wadai ya tsaya ya yi noma, in kuɗi suka ƙare a Darfur ya zauna ya yi ɗinki ko wanzanci ko koyar da yara allo, sai ya tara abin gaba ya ƙara matsawa. Ta haka tafiya ke cin shekara biyar, bakwai, har fiye. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mutane a hanya. Shi ya sa a zamanin nan mai niyyar hajji kan raba gado, ya biya bashi, ya nemi gafarar kowa kafin ya fita, don ba a sa ran ganinsa kuma.

Wannan jinkiri shi ya haifi garuruwa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da suka rage, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai maniyyata daga ƙasarmu suka zama manyan 'yan ƙwadago a wurin. Wasu suka tara kuɗi suka ƙarasa Makka, wasu suka je suka dawo suka zauna, wasu kuma har suka mutu suna cewa baɗi za su wuce. Jikokinsu na nan a Sudan, suna jin Hausa, mutanen can na kiransu Fallata ko Takari.

Mu da ke zaune a Kurmi bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba, don mu ma hanya ce ta ajiye mu. Da can goro daga Gwanja ake ɗauko shi a kan jakuna, ayari ya yi watanni kafin ya ga ganuwar Kano. Da jirgin ruwa ya fara kawo shi Ikko daga gaɓar Gana, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai fatake suka juyo nan. Daga baya manoman ƙasar nan suka dasa goron da kansu, mu kuma muka zauna bakin tasha muna ɗaure huhu. Agege da Shagamu da Sabon Badun duk 'ya'yan hanyar goro ne, kamar yadda Mai Wurno da unguwannin Hausawa na Jazira suke 'ya'yan hanyar gabas. Wanda ya ce zai kwana biyu ya wuce, shi ne yau ake kiran unguwa da sunansa.

Masu hali a wancan lokaci sun sami wata dabara, su bi ta ruwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 nan Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya nufi Ingila, ya gana da Sarki Joji na biyar, sa'an nan ya juyo ta Masar zuwa Jidda. Dubi taswira ka ga irin wannan kewaye, mutum zai je gabas amma sai da ya yi arewa har ƙasar Turawa. Nisan ya ninka, amma lokacin ya ragu daga shekaru zuwa watanni. Tun daga nan aka fara gane cewa gajeriyar hanya daban, hanya mai sauri daban.

Jirgin sama kuwa, da ya tashi zuwa ƙasar nan, ta hanyar alhazai ya shigo, sai dai ya biyo ta a juye. A ƙarshen Oktoba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka tashi daga Halwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka bi ta Sudan da Chadi suna sauka suna shan mai, suka iso Kano ran 1 ga Nuwamba. Kwana shida ke nan, a kan tafiyar da jirgin yau ke yi tsakanin azahar da isha'i. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, da wani ƙaramin jirgi mai farfela huɗu wanda bai ɗaukar fiye da mutum goma sha. Ku ji zangunansa: Al'ubayyid, Alfashir, Jinaina, Abashe, Lami, Yerwa, sai Kano. Kai ka ce madugu ne ya tsara masa. Kafin shekarar ta ƙare aka miƙo hanyar har Ikko. A lokacin duk Baturen da zai tafi gida ta sama, sai ya yi gabas zuwa Hartum tukuna, ya hau wani jirgin da zai bi Nilu zuwa Masar.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya gyara filayen. Daga 1940 Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Yerwa da Lami da Darfur da Hartum har Masar, inda ake gwabzawa da Jamus da Italiya. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. A lokacin yaƙin nan ne aka gina filin Ikeja da ke maƙwabtaka da mu.

Duk wannan na Turawa ne da sojojinsu. Talaka maniyyaci daga nan Kurmi, har bayan yaƙi, jirgin ƙasa yake shiga zuwa Arewa, ya hau babbar mota zuwa Yerwa, daga nan Lami, Abashe, Jinaina, a yi ta fama da yashi da taɓo har Al'ubayyid inda dogo ya tsaya, ya shiga jirgin ƙasan Sudan zuwa bakin teku, a tsare shi a Sawakin a duba lafiyarsa, kana ya hau jirgin ruwa ya tsallaka kilomita 300 da wani abu zuwa Jidda. Mota ta mayar da shekaru watanni. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka fi sani da WAPA, da motoci suka fara, a shekarun 1950 kuma aka shiga shatar jiragen sama daga Kano. Abin lura a nan, 'yan kasuwa ne suka fara wannan aiki kafin hukuma ta sa hannu. Gwamnatin Jihar Yamma, wadda Agege ke ƙarƙashinta a lokacin, ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1958.

Jiragen wancan zamani masu farfela ne, gudunsu bai kai na yau ba, tankinsu kuma ba ya kai su nesa. Dole a sauka a hanya a sha mai, a duba inji, wani lokaci a kwana. Wannan rauni nasu shi ya ɗaukaka Kano. Jirgin da ya taso daga Turai zai tafi Kwango ko Afirka ta Kudu, in ya ƙetare Sahara a galabaice yake isowa, ba shi da zango sai Kano. Jiragen Ingila da na Holan da na Beljiyam duk suna sauka can. Da jet ya zo, mai iya tafiyar awa goma ba tsayawa, sai suka riƙa wucewa ta sama, Kano na jin ƙararsu kawai. Abin da jirgin ƙasa ya yi wa zangunan hanyar Gwanja, shi jet ya yi wa filin Kano.

Shekarun 1970 su ne suka kawo awa shidan da muke magana. Kamfanin Nigeria Airways ya sami Boeing 707, kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a 1977 kuma waɗanda suka sauke farali daga Nijeriya sun haura 100,000. Aka buɗe sabon ginin filin Ikeja a 1979, Saudiyya ta buɗe nata na Jidda a 1981, mai rumfunan nan farare kamar tantuna. A makarantar Islamiyya an koya mana cewa tafiyar da ake yi wa ƙasaru mil 48 ce, wadda a da ake lissafa ta tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya. Jet na cinye ta cikin minti shida, kafin ma'aikaciyar jirgi ta gama raba ruwa.

Sai dai duk wanda ya yi tafiyar a waɗannan shekaru zai gaya maka awa shidan nan a takarda suke. Mutum ya yi sallama da iyali, a raka shi da motoci, ya je sansani ya shimfiɗa tabarma, ya kwana ya kwana yana jiran a kira lambar jirginsa, har 'yan rakiya su koma kawo masa tuwo daga gida. A dawowa ma haka, ko fiye, ga kaya. Mu 'yan kasuwa a nan ba mu da bakin zargin kowa, don mun san wanda ke cika buhuna da dabino da darduma da agogo da yadi, ya zo ma'auni yana roƙo. Jirgi kuwa ba motar Shagamu ba ce da za a ɗaura wa kaya a bisa, nauyinsa a ƙididdige yake da man da zai sha.

Saurin nan kuma an biya shi da rayuka. Ran 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 da aka yi shata daga kamfanin ƙasar Jodan ya taso daga Jidda da alhazai, nan Ikko zai sauka. Yanayi bai yi kyau a nan ba, aka juya shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, kuma a ranar duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgi da ya ci rai kamar haka ba. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgin ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato, tayoyinsa da ba su da isasshiyar iska suka fashe suka kama wuta tun yana gudu a ƙasa, matuƙa suka juyo don su sauka amma ba su kai ba. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikinsu. Na farko ya riga ya cinye dubban kilomitoci sai 'yan taku suka rage, na biyu ko gari bai bari ba.

Akwai wata hasarar da ba a cika faɗa ba. Mai tafiyar ƙasa dole ya san mutanen hanya, ya kwana gidan Bahaushen Abashe, ya ci tuwon Batakaren Jazira, ya ɗauko saƙo daga wannan zango ya kai wancan. Ta haka dangi ke jin labarin juna, a san wane ya rasu, wance ta haihu. Mai tafiyar awa shida kuwa barci yake yi lokacin da yake wucewa ta kansu, a tsayin kilomita goma ko fiye. Hanyar sama ba ta kafa zango ko ɗaya ba, waɗanda hanyar ƙasa ta kafa kuma ta yanke su daga gida. Yau a cikin samarinmu, in ka ce akwai garuruwan Hausawa a Sudan, wani sai ya ɗauka wasa kake. A 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, kan gona da kan neman a ba Hausawa sarautar kansu, aka kashe ɗaruruwan mutane. Maganar da aka jefe su da ita ita ce su baƙi ne, bayan shekara ɗari da zama. Mu da ke da Sarkin Hausawa a ƙasar da ba ta kakanninmu ba, ai ko ba a fassara mana ba mun ji wannan magana. Amma mu faɗi gaskiya, mu nawa ne a nan muka bi labarin?

Sai da abin ya taɓa tikiti muka waiwaya. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Zaren nan da muka ja tun farko, wajen kashi ɗaya cikin uku nasa a kan Sudan yake. Dole jiragenmu suka kewaya ta kudu, ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya da gabashin Afirka, su ɓullo ta Habasha kafin su kai Bahar Maliya. Tafiya ta ƙaru da wajen awa biyu, wani lokaci fiye, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci saboda mai. A shekarar nan mai cewa takwas ya yi gaskiya ko da agogonsa na hannu. Ikeja na inda take, Jidda na inda take, kilomita 4,200 ɗin ba su ƙaru da taku ɗaya ba.

Masu zuwa umara da 'yan kasuwarmu da ma sun saba da irin wannan kewaye, don da yawa ta Adis Ababa suke bi. Ikko zuwa Adis kilomita 3,900 ne, Adis zuwa Jidda 1,400, jimla 5,300, ga zaman jiran jirgi na biyu wanda shi kaɗai yakan fi tafiyar tsawo. Saboda haka in wakilin tafiya ya ce maka awa kaza ne, tambaye shi ta ina, kuma sau nawa za a sauka.

Su kuwa zangunan da muka lissafa a sama, waɗanda jirgin 1936 ke sauka yana shan mai, su ne sunayen da suka cika labaran rediyo. An yi kisan ƙare dangi a Jinaina a 2023. An fara yi wa Alfashir ƙawanya a 2024. A shekarar nan kuma yaƙin ya kai jihar Sinnar, inda Mai Wurno take. Ɗalibanmu da ke karatu a Hartum, da filin jirgi ya rufe, a motocin safa aka kwashe su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a bakin iyaka cikin rana kafin a bar su su shiga su sami jirgi a Aswan. Dubban baƙi 'yan wasu ƙasashe kuma suka gangara Bur Sudan, arewa kaɗan da Sawakin, suka jira jiragen ruwan Saudiyya suka tsallakar da su Jidda, ta mashigin da kakanninmu ke bi in sun gama tara kuɗin auduga.